Hoton Talaka Na Wane Ne?

A cikin watan Oktoba na shekarar 2024 sojojin da ke mulkin Nijar suka bi birnin Yamai suna sauya sunayen wurare. Babban titin da a ke kira da sunan Janar Digol na Faransa suka mai da shi titin Jibo Bakari, shugaban jam'iyyar Sawaba, wanda ya ce wa Faransa a'a a ƙuri'ar 1958. Haka kuma gidan al'adu na haɗin gwiwar Faransa da Nijar, wanda ke ɗauke da sunan wani Bafaranshe mai ɗaukar fim, Jean Rouch, suka cire sunansa suka sa na Mustafa Alhasan, ɗan ƙasa. Mu ba mu ƙi wannan ba. Jibo Bakari ya cancanta, Mustafa Alhasan ma ya cancanta. Amma tambayar da mu ke yi ita ce, bayan an goge suna a bango an rubuta wani, me ya shigo hannun talaka? Ko an sauya wa tuwo suna, ai tuwo ne dai.

Wataƙila ɗan'uwa mai tebur a kasuwa ya ce, ina ruwana da wani Bature mai hoto wanda ya mutu fiye da shekara 20? To, da ruwanka. Mutanen da ke cikin finafinan mutumin nan irinka ne: leburori, 'yan dako, masunta, makiyaya, makaɗa, da 'yan cirani masu zuwa Kumasi neman kuɗin haraji da na aure. Ya yi finafinai fiye da 100, galibinsu na zahiri, watau ba wasan kwaikwayo ba, a kan sana'o'i da kiɗe-kiɗe da al'adun mutanen bakin Kogin Kwara. Ga shi kuwa yau ba a rasa mai zuwa ya auna rumfarka da kyamara ko wayar hannu, ya ɗauka ya tafi, ba ka san inda ya kai hoton ba, ba ka san abin da ya samu a kansa ba. Saboda haka ya kamata mu auna aikin Baturen nan da mudu na gaskiya, domin mudun da mu ka auna shi da shi, da shi za mu auna namu masu mulki.

YADDA YA FARA

An haifi Jean Rouch, wanda a ke karanta sunansa Jan Rush, a birnin Paris a 1917. Ya karanta aikin injiniya na hanyoyi da gadoji. A 1941, ana tsakiyar yaƙin Hitila, aka aiko shi Nijar ya lura da aikin hanya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: hanyoyin nan da aikin tilas a ke yinsu, watau a bi ƙauyuka a kamo talakawa ta hannun sarakuna, su ɗauki ƙasa da dutse a ka, ba wanda ya tambayi yardarsu. Faransa ba ta soke aikin tilas a ƙasashen da ta ke mulka ba sai a 1946. Ke nan ranar da Rush ya fara sanin talakan Afirka, shi yana tsaye da littafi a hannu, talaka yana duƙe da kwando a ka. Duk wanda zai yabe shi, to, ya fara faɗin wannan tukuna.

A wurin aikin nan ya sadu da wani saurayi ɗan gidan Sarkawa, masuntan Kwara, sunansa Damure Zika, wanda ya zama abokinsa har mutuwa ta raba. A 1942 tsawa ta faɗo ta kashe leburorinsa 10. Damure ya kira kakarsa Kaliya, ta zo ta yi abin da Zabarmawa kan yi bisa al'adarsu in tsawa ta kashe mutum, da goge da ƙwarya da hawan iska. Rush ya tsaya ya gani, ya rubuta, ya aika wa malamai a Paris. Daga ranar nan hankalinsa ya bar aikin hanya.

Da yaƙi ya ƙare, a 1946, shi da abokansa biyu suka bi Kwara cikin kwalekwale tun daga mafarinta a Gini har inda ta faɗa teku a Nijeriya, tafiyar kilomita wajen 4,000. Kyamarar da ya zo da ita a kasuwar gwanjo ya saye ta, irin mai wani ce kamar agogo, in an wana ta ba ta wuce daƙiƙa 25 ta tsaya. Ƙafafun da a ke girka ta a kai kuwa suka salwanta a hanya. Dole ya riƙe ta a hannu, yana tafiya da ita cikin mutane, in sun gudu ya gudu, in sun durƙusa ya durƙusa. Abin da ya zo masa a hasara shi ya zama hanyar aikinsa har ƙarshen ransa.

Fim ɗin da ya kawo daga wannan tafiya, na farautar dorina, ya sayar wa wani kamfanin labarai a Paris a 1947. Ku ji abin da suka yi da shi. Suka yanka suka sake haɗi, bukin da masunta suka yi kafin farauta suka mai da shi ƙarshe, suka cusa hotunan namun daji waɗanda ba shi ya ɗauka ba, sa'an nan suka sa masa suna mai ma'anar wai ƙasar baƙaƙen matsafa. Tun daga nan ya kamata kowa ya gane cewa mai kuɗi shi ke riƙe da almakashi.

DAREN AYARU

A 1951 ya koma wurin Sarkawan Ayaru, a arewacin Yamai, ya sake ɗaukar farautar dorina da kyau. A 1954 kuwa sai ya yi abin da ba a saba gani ba. Ya ɗauko fim ɗin, da majigi, da injin wuta, ya komo Ayaru, aka rataya farin zane a jikin bango, aka tara mutanen gari da dare, suka ga kansu. Suka ga 'yan'uwansu da suka rasu tsakanin ɗaukar fim ɗin da daren nan. Aka nuna, aka sake nunawa. Da suka gama mamaki sai suka shiga gyara. Suka ce ina ya samo kiɗan da ya sa a kan farauta? Dorina tana da kunne, in ta ji kiɗa za ta sami ƙarfin zuciya ta tsere, farautar dorina kuwa shiru a ke yinta. Mutumin da ya yi karatu a Paris ya saurari masunta waɗanda ba su taɓa shiga makarantar boko ba, ya yarda sun fi shi sani, ya cire kiɗan. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Don a gane girman wannan abu, sai mu tuna da irin majigin da iyayenmu suka sani a nan ƙasar. Turawan Ingila sun kafa ofishin yin finafinai na ƙasashen mulkinsu a 1939. Mota kan zo gari, a kafa zane a ƙofar fada, a tara jama'a, a nuna musu mutum biyu: ɗaya mai hankali, ya bi abin da Bature ya ce, ya yi arziki, ɗaya wawa, ya tsaya a kan hanyar kakanninsa, ya lalace. In an gama a naɗe zane, mota ta wuce gari na gaba. Ba a taɓa tsayawa a ce, jama'a, ina kuskurenmu? Da mulkin kai ya zo, motocin nan suka koma nuna tafiye-tafiyen masu mulki da bukukuwan buɗe gine-gine. Talaka dai ɗan kallo ne, in ma ya fito a hoto sai a cikin taro, yana ɗaga hannu yana gaisuwa.

Daren Ayaru ya haifi finafinai biyu. A cikin 'yan kallo akwai wani shugaban maharba, Tahiru Koro, ya ce in dai haka abin ya ke, to, a zo a ɗauki tasu farautar, ta zaki da kwari da baka. Rush ya yi shekaru yana komawa wurinsu, ya nuna yadda a ke ƙera kibiya, yadda a ke dafa dafi, yadda a ke ɗana tarko, da kirarin da a ke yi wa zaki in zai mutu. Fim ɗin ya fito a 1965, ya ci babbar kyauta a gasar birnin Venice na Italiya. Damure kuwa cewa ya yi, su ma su yi nasu fim, na samari masu tafiya cirani.

'YAN CIRANI SUN YI MAGANA

Wannan shi ne fim ɗin da a ke kira Jaguar, kuma duk ɗan kasuwa ya kamata ya gan shi. Samari uku ne: Damure, da Lam Ibrahim, Bafulatani makiyayi, da Illo Gawdel, masunci. Suka tashi daga Ayaru bayan kaka, suka nufi Gwalkwas, watau ƙasar Gana ta yanzu. Aka nuna yadda su ke kwana a hanya, yadda su ke zagaye 'yan kwastan a iyaka, yadda Damure ya sami aiki wurin masu katako a Ankara, Illo ya shiga dako a bakin teku, Lam ya faɗa kasuwar Kumasi. Daga baya suka haɗa jari suka kafa tebur na ƙananan kaya. Da damina ta matso suka komo gida, abin da suka tara cikin watanni suka rabar da shi ga dangi nan da nan. Kyamarar ba ta ɗaukar murya, saboda haka daga baya aka zaunar da su gaban hoton, suna kallo suna faɗin abin da ke bakinsu, suna ba'a suna dariya, aka ɗauki muryarsu aka ɗora. Fim ɗin bai fito ba sai 1967. Duk wanda kakansa ya taɓa zama a zango ya san wannan labari, amma kafin nan ba wanda ya ga ya isa a yi masa fim.

A 1957, a unguwar Treichville ta birnin Abijan, ya sami wani ɗan Yamai mai suna Umaru Ganda, tsohon soja wanda Faransa ta kai yaƙin Indocina, ya komo ba aiki, yana dako a tashar jiragen ruwa. Suka yi fim mai suna Moi, un noir, watau Ni Baƙar Fata. A ciki Umaru da bakinsa ya faɗi wahalar lebura, da neman aikin yini, da yunwa, da fushin sojan da ya yi yaƙin wasu aka yar da shi. Fim ɗin ya ci kyauta a Faransa a 1958. Abin da ya girgiza Turawa shi ne, wannan karon ɗan dako ne ke bayanin kansa.

INDA A KE TUHUMARSA

Kada wani ya zaci mun zo wanke Bature ne. Akwai tuhuma a kansa, mai nauyi kuwa.

A 1925, a ƙasar Filinge, wata ƙungiya ta ɓullo wadda a ke kira Hauka, wasu kuma su ce Babule. Iskokin da ke hawansu na Turawan mulki ne: Gwamna, Janar, Kofur, Likita. Suka ƙi bin sarkin da Faransa ta ɗaure wa gindi, Faransa ta kama su ta ɗaure, ta kori shugabanninsu daga ƙasar. Abin ya bi 'yan cirani har Gwalkwas. A 1954 shugabannin Hauka na Ankara da kansu suka gayyaci Rush ya ɗauki bukinsu na shekara. Ya ɗauka: ga jan ƙyalle, ga bindigogin katako, ga fareti irin na soja, ga kumfa a baki, ga yankan kare. Ya kuma nuna mutanen nan kashegari a wuraren aikinsu, lafiya lau, wannan yana haƙa rami, wancan yana kasuwa. Sunan fim ɗin Les Maîtres fous, watau Mahaukatan Iyayengiji. Ba mu zo kare bori ba, kowa ya san matsayin addini a kansa. Abin lura a nan shi ne yadda mutane suka karɓi fim ɗin. Turawan Ingila suka hana nuna shi a Gwalkwas, don sun ga da su a ke, ana kwaikwayon Gwamnansu. Da aka nuna shi a Paris kuwa, malaminsa Marcel Griaule ya ce a lalata shi, ɗaliban Afirka da ke wurin su ma suka ƙi shi, suka ce Bature zai kalli jini da kumfa ne kawai ya ce ga irin mutanen da ke neman mulkin kai. Duk da haka fim ɗin ya ci kyauta a Venice a 1957.

Wa ke da gaskiya? A ganinmu ɗaliban nan suna da ita. Abin da 'yan cirani suka yi a bayan gari, a tsakaninsu, kowa ya san ma'anarsa, in aka ɗauke shi aka kai gaban mutanen da ba su san aikin tilas ba, ba su san bulalar dogari ba, ya zama wani abu dabam. Rush ya yi bayani da muryarsa a kan hoton, amma ido ya fi kunne saurin kamawa. A 1965 Usman Sambene na Senegal, wanda shi ma tsohon ɗan dako ne kafin ya zama marubuci da mai fim, ya faɗa masa ido da ido cewa abin da ya ke zarginsu da shi, shi da sauran Turawa masu nazarin Afirka, shi ne suna kallonmu kamar ƙwari.

Akwai kuma wata. Tun 1934 Faransa ta yi doka, wadda a ke kira dokar Laval, cewa ba mai ɗaukar fim a ƙasashen mulkinta na Afirka sai da izinin Gwamna. Rush ya kan sami izini. Ɗaliban Afirka da suka koyi aikin fim a Paris, irin su Paulin Vieyra, suka nema aka hana su, dole a 1955 suka yi fim ɗinsu na farko a titunan Paris. Ke nan a shekarun da Bature ke yawo da kyamara daga Ayaru zuwa Ankara, ɗan ƙasa ba shi da ikon ɗaukar hoton ƙofar gidan ubansa. Ba Rush ya yi dokar ba, amma ya ci moriyarta, kuma sunansa ne ya cika duniya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

ABIN DA YA BARI

To, me ya sa ba mu ce a jefar da shi gaba ɗaya ba? Domin ya ji tuhumar, kuma ya miƙa kyamara. Umaru Ganda, ɗan dakon nan, ya komo Yamai ya koyi aikin, ya yi Cabascabo a 1969 a kan tsohon soja da abokan cin mushe suka cinye masa kuɗin sallama. Fim ɗinsa Le Wazzou polygame, a kan wani Alhaji da ya ƙara aure da ƙarfin kuɗi, shi ya fara cin babbar kyautar gasar finafinan Afirka ta Wagadugu a 1972. Ya rasu a 1981. Safi Faye, malamar makaranta 'yar Senegal wadda ta fito a wani fim na Rush, ta yi nata a 1975 a kan wahalar manoman gyaɗa na ƙauyensu, har gwamnatin ƙasarta ta hana nuna shi. Musa Hamidu ɗan Nijar ya yi shekaru shi ke ɗaukar murya a finafinan Rush.

A fim ɗin Petit à petit, na wajajen 1970, suka juya abin: Damure ya tafi Paris yana tare Turawa a titi, yana auna kawunansu da ma'auni, yana ƙirga haƙoransu, kamar yadda malamansu suka yi wa kakanninmu. A 1974 suka yi Cocorico Monsieur Poulet, labarin masu fataucin kaji da wata tsohuwar mota mara takardu, wadda sai sun kwance ta gunduwa gunduwa kafin su ƙetare kogi. A wurin sunan wanda ya yi fim ɗin suka rubuta Dalaruta, watau farkon sunayensu su huɗu: Damure, Lam, Rush, da Tallu Muzuran.

Ta wajen adana al'adu kuwa, abin da ya ɗauka ba zai sake ɗaukuwa ba. A 1971, a ƙauyen Simiri na Zarmaganda, ya ɗauki kiɗan wasu tsofaffin ganguna biyu, Turu da Bitti, a tafiya ɗaya ba yankewa, wajen minti 10. Daga 1967 zuwa 1973 shi da wata malama, Germaine Dieterlen, suka bi bukin Sigi na mutanen Dogon a Mali, wanda a ke yi sau ɗaya a shekara 60, na gaba kuwa sai 2027. Yawancin dattawan da suka yi wancan sun riga mu gidan gaskiya, amma hotonsu yana nan.

Ya mutu ran 18 ga Fabrairu 2004, yana da shekara 86, a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni, dab da iyakarmu, aka binne shi a Yamai. A cikin motar nan akwai Damure Zika, akwai kuma Mustafa Alhasan, wanda Rush ya taimaka masa tun yana saurayi mai zane, har ya yi fim ɗinsa na farko a kan bikin aure a 1962. Watau sunan da aka goge da sunan da aka rubuta a bangon Yamai, abokan juna ne, mota ɗaya suka shiga.

INA KAYAN SU KE?

Ga inda maganar ta ke. Asalin yawancin finafinan nan yana ma'ajiya a Faransa, bayanin da ke kansu kuma da Faransanci ne. Jikan masuncin Ayaru, in yana son ganin kakansa yana jifan dorina da zago, sai ya nemi hanyar Turawa, sa'an nan ya nemi tafinta. Rush ya kai fim Ayaru dare ɗaya a 1954, ya kan kuma koma wa mutanensa da hotunansu muddin yana da rai. Da ya mutu, wa ya ɗauki wannan aiki? Goge suna ba ya komo da fim ko guda.

Kafin mu yi wa maƙwabta dariya kuwa, mu duba namu gida. A 1976 Adamu Halilu ya yi fim ɗin Shaihu Umar, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Hausa tsantsa. Fim ɗin ya ɓace shekara da shekaru, har aka ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Wa ya gyara shi? Wata cibiya a Jamus. Ina aka nuna gyararren a 2018? A Balin. Littafin Firayim Ministan ƙasa ke nan, balle hoton marina da maƙera da masaƙa! Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Waɗannan ma sun yi sa'a, suna da suna, an ɗauki muryarsu. Makaɗan noma da na dambe da na mahauta da ke ƙauyuka fa, da mata masu waƙar daka da ta niƙa, kowace shekara suna tafiya da abin da ke kansu. Masu mulki ba su tuna da al'ada sai in za a yi manyan baƙi: a jera dawaki, a kira makaɗa su tsaya a rana, kyamara tana kan rumfar manya, in an watse a sallami makaɗi da abin da bai kai kuɗin motarsa ba.

Wasu za su ce, talaka yana fama da tsadar hatsi da kuɗin makaranta, ana yi masa zancen hoto? Amsarmu ita ce, wanda ya riƙe hotonka ya riƙe labarinka. Majigin da ya nuna kakanka wawa ne, shi ya share wa mai cewa talaka bai isa ya zaɓi shugabansa ba hanya. Ban da haka, yau hoto haja ne. Mai ɗaukar marina ko 'yan dambe ya sa a intanet, kuɗi ya ke samu gwargwadon masu kallo. In haja ce, ai mai ita yana da haƙƙi, kuma ba wanda ya fi ɗan kasuwa sanin wannan.

ABIN DA MU KE NEMA

Na farko, gwamnatocin Nijar da Nijeriya su nemi kwafin duk finafinan da Turawa suka ɗauka a ƙasashen nan, na Rush da na majigin Ingila, a sa musu murya da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, a zaga da su kasuwanni da ƙauyuka kyauta, a fara da garuruwan da aka ɗauke su.

Na biyu, duk mai son ɗaukar fim a kasuwa ko a wurin sana'a, baƙo ne ko ɗan gida, ya nemi yardar mai sana'ar da kansa. Izinin hakimi ko na sarkin kasuwa bai wadatar ba, don ba fuskarsu za a ɗauka ba. Ya komo ya nuna wa mutanen kafin ya fitar, su gyara abin da ya kuskure, a rubuta sunayensu, in an sami riba a ba su rabonsu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na uku, daga kuɗin da a ke kashewa a bukukuwan tarbar baƙi, a ware na gina ma'ajiya wadda gara da zafi ba za su ci ba, da na koya wa 'ya'yan talakawa aikin fim, maza da mata. Umaru Ganda ɗan dako ne. A tashoshin motarmu akwai irinsa, ba su dai sami mai miƙa musu kyamara ba.

Na huɗu namu ne, ba sai mun jira gwamnati ba. Wayar da ke aljihun yaron shagonka ta fi kyamarar Rush ta 1946 nesa ba kusa ba, ba ta tsayawa bayan daƙiƙa 25. Kowane reshen jam'iyya ya zaɓi samari biyu masu natsuwa, su bi dattawan unguwa, maƙeri da dukawa da mai goge da tsohuwa mai tatsuniya, da waɗanda suka sha ɗauri don neman 'yancin talaka, su ɗauke su da yardarsu, su faɗi abin da su ke so da bakinsu. In an gama a kafa zane a ƙofar ofishin reshe, a kira su su gani, a ce musu, baba, ina muka yi kuskure?

Masuntan Ayaru sun gyara wa ɗan Paris fim a 1954, lokacin da bulala ke hannun Bature. Mu da muka yi fiye da shekara 60 da mulkin kai, ba mu da hujjar tsayawa a bayan taro muna ɗaga hannu. Allah ya ba talaka sawaba, amin.